Kaushalya Barwal, Mai Tace Hotunan Matuƙan Lema a Bir

Motar farko da ke hawa tudun Billing da safe ba ta tashi sai da Kaushalya Barwal a kujerar gaba, kyamara a cinya, shayi a gora. Didi muke ce mata, wato babbar yaya, har waɗanda suka girme ta. Mu matuƙan lema, masu tashi daga kan dutse mu bi iska gari zuwa gari, muna shimfiɗa kayanmu, ita tana bin mu tana ɗaure mana ƙananan kyamarori a hular kwano. Ta ɗauki tashinmu, ta gangaro garin Bir. Da yamma, in mun dawo daga Dharamshala ko duk inda iska ta yar da mu, shagonta muke nufa da hoton yini guda, ta tace shi ya koma na 'yan mintoci.

Da bidiyon biki ta fara, ita da marigayi mijinta, tun zamanin kaset. Yanzu ido ya gaji, likita ya ce ta rabu da kwamfuta. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani.

Wata rana abokin tashina Rohtash ya kutsa cikin gajimare don ya riga mu. Lemarsa ta naɗe, ya yi ta juyi kamar busasshen ganye, sai dab da duwatsu ta sake buɗewa. Ya shigo shago yana yaƙe.

"Didi, wurin nan dai a yanke shi. Surukina zai kalla."

"Har ihun da kake kiran uwarka?"

Muka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba.

"Na surukinka zan gyara shi tsaf," in ji ta. "Amma in ka yarda, wancan da ba a yanke ba zan ajiye. Duk sabon ɗalibi sai ya gani kafin ya taka Billing."

Rohtash ya sosa ƙeya, ya gyaɗa kai. Har yau ana nunawa, kuma na san mutane da dama da suka juya wa gajimare baya saboda ihun nan.

Shekarar da Devinder, ƙaraminmu a sana'ar, ya faɗa kwazazzabo a hanyar Manali ya rasu, masu ceto suka kawo mata kyamararsa. Wasu baƙi suka nace a ba su ƙarshen hoton su sa a intanet. Didi ta nuna musu ƙofa. Bayan an ƙona gawar bisa al'ada, mahaifiyarsa ta zo daga garinsu Barot, tsohuwar da ba ta taɓa yarda da aikin ɗanta ba.

"'Yata, me yake nema a can sama?" ta tambaya.

Didi ta zaunar da ita, ta kunna. Ga Devinder yana kewaya iska tare da ungulaye, ga dusar ƙanƙara a kan duwatsu, ga hannunsa yana nuni: "Can rufin gidanmu ne. Na rantse mahaifiyata tana shanyar masara." Nan hoton ya ƙare. Tsohuwa ta shafa fuskarsa a allon, ta ce a sake. Har rana ta faɗi ana sakewa.

Didi, ke ce kika san abin da za a nuna da abin da za a rufe. Sunayenmu ke yawo a duniya, naki ko a ƙasan hoto ba ki taɓa rubutawa ba. Rumfa sha shirgi, mun jibga miki tsoronmu da fariyarmu kin ɗauka.

Makon jiya muka roƙi Didi ta bari ɗayanmu ya tashi da ita a lema ko sau ɗaya, don ba ta taɓa tashi ba.

"Ni da na ga tuƙinku ciki da bai? Ku rufa min asiri. Na fi kowannenku zuwa Manali, kuma ina kan kujerata."

Mun gode, Didi. Ku kuma masu tasowa da kyamara a hannu, danna maɓalli kowa ya iya. Kafin ku saki hoton mutum, ku tambayi kanku wa zai kalle shi a gidansu.