Yadda Na Tace Sobiyar Ammu Bakur

Ammu Bakur ya murɗe murfin gorar, ta yi "fisss", kumfa ta taso har kan yatsunsa. Ya shinshina, ya dube ni, ya tashi ya rufe ƙofar ɗakina da kansa.

Maƙwabcina ne a unguwar Mahjar, dattijo haifaffen Jidda. Kwana huɗu kafin nan ya aiko min da sobiyar sha'ir da matarsa ta haɗa. Ni kuwa aikin tace ruwa ya kawo ni ƙasar nan, ba na iya ganin abin sha da gari-gari in ƙyale. Na daka 'ya'yan zogale na zuba, na ajiye gorar a bakin taga don garin ya kwanta. A zafin Jidda fa!

Ta yi garau, kalar zuma. Shi ne na kira shi ya ga gwaninta.

"Ya waladi, sobiya fara ake shan ta, daga firji," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Giya ka haɗa."

"Wallahi Ammu, tacewa kawai na yi!"

"Halas, sai ka yi wa 'yan sanda bayanin zogale. Iƙamar zaman ƙasa biyu gare ka?"

Muka tuttular da ita a masai, yana a'uziyya, ina bi da bokitin ruwa har uku.

Da zai fita ya juyo: "Gobe Hajiya za ta aiko maka da kunu. Don Allah kar ka tace shi."

Ashe ba komai ke neman gyara ba. Ku fa, me kuka taɓa gyarawa har ya zama fitina?