Awon Filin Da Ya Kusa Rushe Kicin Ɗin Mama

A lokacin ban daɗe da gama karatun lauya ba, na dawo gidanmu a Turaki ina jiran aiki. Ni mace ce mai yawan tsoron kuskure, wataƙila shi ya sa na riƙe doka da hannu biyu. Ba na fashin coci, amma a zuciyata adalci a kotu yake, gafara kuwa ta wa'azin Lahadi ce.

Da damina ta sauka, maƙwabcinmu, wani dattijo malamin makaranta mai ritaya da muke coci ɗaya, ya sa sabon kwano, ruwan rufinsa ya riƙa zuba a tsakar gidanmu. Na rubuta masa takardar gargaɗi shafi biyu. Mama ta hana ni kaiwa, ta ce Littafi Mai Tsarki ya koya mana mu fara samun ɗan'uwa mu kaɗai kafin kowa ya ji. Na ce hakan yana da kyau, amma gara mu san iyakarmu tukuna. Na ɗauko mai awon fili, na ba shi takardar gidan da marigayi Babanmu ya bari.

Ya auna sau biyu, na roƙe shi ya sake. Ashe kicin ɗin Mama, inda take dafa abincin sayarwar da ta riƙe mu da shi, a cikin filin maƙwabcin yake. A iya fahimtata yana iya neman a rushe shi, kuma ni na kawo shaidar, a gaban 'yan unguwa.

Bayan kwana biyu sai Mama ta ɗaura ɗankwali ta ce in biyo ta. Muka sami maƙwabcin yana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na fara bayani. Ya yi dariya har da hawaye, ya tambaya ko sai yanzu Barista ta gano. Ya ce yana tsaye ranar da aka haƙa tushen kicin ɗin, ya ga Baba ya yi kuskure, amma ya ga mai 'ya'ya biyar ya fi shi buƙatar wurin. Ya ce laifin ruwan nasa ne, zai sa a gyara. Sannan ya ce tunda akwai lauya a gida, in rubuta cewa ya ba Mama wurin ya sa hannu, kada 'ya'yansa su tayar da magana bayan ransa. Ina rubutu hawaye na ɗiga, Mama na rera waƙar yabo, shi kuma yana gyara mini Turanci.

Ban ce doka ba ta da amfani ba, ita ce ta tsare kyautar nan har yau. Amma da abin da ya cancance mu kawai aka ba mu, da Mama ba ta da wurin ɗora tukunya. Na daɗe ina jin kalmar alheri a coci, sai ranar na gane ta. 'Yan'uwana masu ilimi, kafin ku kira mai awo, ku je ku yi sallama a ƙofar maƙwabci. Mai yiwuwa ya daɗe yana yafe muku abin da ba ku sani ba.