Rawanin Musallam

Duk wanda ya tashi a garinmu Hasik, a bakin teku, ya san Musallam ɗan Mahad, wanda ake kira Abu Ganim da sunan ɗansa, kuma da ido aka san shi. Ba shi da garken raƙuma, ba shi da karatu mai zurfi, jirgin ruwan da yake shiga ma na haɗin gwiwa ne da ƙanin matarsa, Suhail. Amma Allah ya ba shi gani irin wanda ake ba da labari. Tun yana saurayi, in lokacin kifin sadin ya zo, shi ake ɗorawa a kan tudun bakin teku. Daga can yake hango inuwar kifin a ƙarƙashin ruwa, ya warware rawaninsa ya kaɗa ta wajen da suke, masunta su ruga da taru. Ba a ihu a wannan aikin, don an ce ihu na watsa kifi, rawani ne ke magana. Shekarar da rawanin Musallam ya tashi da yawa, har raƙuman kan dutse sai sun yi ƙiba, don busasshen sadin ake ba su idan ciyawa ta ƙare.

Da aka fasa dutse aka kawo mana kwalta, sai baƙi suka fara zuwa lokacin sanyi, Turawa da mutanen Maskat, wai a kai su cikin teku su ga babban kifin nan irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa. Mu dai Dattijo muke ce masa. Da farko abin dariya ya ba mu: mutum ya baro gidansa, ya yi ta amai a jirgi, don kawai ya ga wutsiyar kifin da ba zai ci ba. Amma abinci abinci ne. Masunta suka wanke jirage huɗu, suka kafa musu rumfa, suka tanadi gahawa da dabino. Ba wanda ya zauna ya tsara doka, al'adar sadin ce kawai ta biyo su cikin teku. Jirgin Musallam ne a gaba, shi yana tsaye a goshinsa, Suhail yana riƙe da inji a baya, sauran jiragen suna biye, kuma ba mai juya akalarsa sai rawanin ya tashi. Hakan ya hana rububi, don Dattijo ba ya son a yi masa taron dangi. In aka dame shi sai ya nutse, a yini ana kallon ruwa.

Ba na ɓoye muku, Musallam ya ɗauki kansa da girma a kan wannan abu. In Suhail ya tsokane shi, da yake abokin wasansa ne, ya ce ai wannan feshin ruwan da Dattijo ya yi shi ma ya gan shi, sai Musallam ya gyara tsayuwa ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Alhali yaron nan furfura ta cika masa gemu.

Yanar ido ba ta yi masa sallama ba da za ta shigo. Da fari zura zare a ƙugiya ne ya fara gagararsa, ya ɗora laifin a kan masu ƙera ƙugiyar zamani. Daga nan fuskokin mutane suka soma narkewa, sai ya koma ba ya gaisuwa sai an fara gaishe shi ya ji murya. Teku kuwa ta zama masa kamar madara a ƙwarya, ba ya raba ruwa da sama. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa Tuful, wadda suka tsufa tare. Asibiti na nan a birnin Salala, an kuma ce aikin ba wuya, amma shiga motar Salala daidai yake da yin shela a kasuwa. Idan aka ce Musallam ba ya gani, to me ya rage a Musallam? Wannan tambayar ce ta riƙe masa baki.

Sai ya shiga sata, don shi ma a ransa sunan da ya ba abin ke nan. Ya lura Suhail yana da wata ɗabi'a: in ya hango feshin Dattijo, hannunsa kan saki inji kaɗan, goshin jirgin ya karkata can, sannan ya yi ɗan tari. Musallam yana jin haka sai ya ɗan jinkirta, ya kare ido da tafin hannu kamar mai nazari, ya warware rawani ya kaɗa shi gaba sak. Bai taɓa kuskure ba. Baƙi su yi ta tafi, wasu su ɗauki hotonsa fiye da yadda suke ɗaukar na kifin. Shi kuwa in ya koma gida tuwon kunya yake ci. Ya kan kalli inda Suhail yake zaune yana shan shayi, ya ce a ransa, bawan Allah, ina cin guminsa bai sani ba. Har ya daina yi masa maganar rimi. Sanyi biyu ya yi a haka.

Ranar da abin ya faru, iskar arewa ta kwana tana kaɗawa, Suhail kuma ya tashi da mura. Jiragen suka fita da hantsi cike da baƙi. Sun ga dolfin suna ta tsalle, sun ga kunkurun ruwa, amma ba don su aka zo ba, kuma wata Baturiya a jirgin Musallam ta riga ta gaya wa kowa cewa gobe jirgin samansu zai tashi. Can sai Suhail ya hango wani tsohon taru yana yawo a kan ruwa. Ya saki inji, ya kauce masa don kada ya naɗe farfela, mura kuma ta taso masa, ya yi tari.

Musallam ya kare ido da hannu. Wannan karon har ya ga wani fari yana tashi yana sauka a gaba, zuciyarsa ta yi sanyi, ya ce ashe da sauran gani. Ya warware rawani ya kaɗa shi da ƙarfin da ya daɗe bai yi ba.

Suhail ya dubi inda rawanin ya nuna, sannan ya ƙara wuta. Sauran jiragen uku suka biyo baya.

Hancinsa ne ya fara gaya masa. Warin kashin tsuntsaye ya buge shi, sannan ya ji ƙarar ruwa yana dukan abu mai tauri yana komawa. Dutsen Tsuntsaye ne. Dutsen da kowane ɗan Hasik ya san shi tun kafin ya iya ɗaura zane, wanda shi kansa ya sha kwasar ƙwai a kansa yana yaro. Shi ya nuna wa jirage huɗu da rana tsaka. Ya tsaya da rawani a hannu, kansa a buɗe, yana jiran dariya. Ya san Bakhit, mai jirgin da ke binsu, mutum ne da ko a wajen jana'iza sai ya samo abin tsokana.

Dariyar ba ta zo ba. Abin da ya ji shi ne muryar Bakhit ta ratso iska tana ce wa baƙinsa, da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Kash, mun makara. Yanzun nan ya nutse a bayan dutsen, ai ni ma na ga bakin wutsiyarsa. Abu Ganim ba ya ɗaga rawani a banza."

Wani daga jirgi na uku ya amsa cewa haka ne, shi ma ya gani.

Da zagi suka yi masa da ya fi masa sauƙi. Ba wanda ya yi mamaki, abin da ya kashe masa jiki ke nan. Mutanen da aka shammata ba sa haɗa baki da sauri haka. Ya juya baya, inda yake ganin Suhail kamar inuwa, ya yi ƙasa da murya.

"Tarin nan naka, tun yaushe?"

"Mura ce, Yaya."

"Ban da na yau nake tambaya."

Suhail ya ja hanci, ya daɗe yana gyaran igiyar da ba abin da ya same ta. "Tun sanyin bara waccan," in ji shi. "Wani lokacin har maƙogwarona ya yi ciwo kafin ka ji."

Suna cikin haka sai Dattijo ya yi numfashi a bayansu. Ko kurma ya san wannan sautin, kamar an buɗe bakin babbar tukunya. Baƙi suka ruɗe, suna nuni suna kiran direbobi da kowane yare. Amma ba injin da ya motsa. Jirage uku suna ta lilo a kan ruwa, direbobinsu sun ga kifin sarai, ga shi nan baƙi ƙirin kamar tudu, suna jiran tsohon da ba ya ganin tafin hannunsa ya ba su izini. Musallam ya san in ya kaɗa rawanin yanzu, shi ke nan an rufe maganar, gobe ma a sake fita kamar jiya. Sun riga sun nuna masa za su iya yin haka har ya mutu.

Ya bi gefen jirgin da lalube, a gaban baƙi, yana taka ƙafafunsu yana ba da haƙuri, har ya isa wajen inji. Ya danƙa wa Suhail rawanin.

"Tashi ka ɗaga. Mutane na jira."

"Haba Yaya, ni da nawa a kaina."

"Naka ba su san shi ba. Ɗaga."

Suhail ya miƙe ya kaɗa. Jiragen suka juya a hankali. An ce ranar Dattijo ya yi wasa kamar an biya shi, har ya fito da rabin jikinsa ya faɗo, Baturiyar nan ta yi ta kuka. Musallam dai yana zaune a kan jarkar mai, kansa ba rawani, ƙarar kawai ya ji da ruwan da ya fantsamo masa.

Da suka sauka bai bi ta wajen masu shayi ba. Ya shiga gida ya tarar Tuful ta sa turaren lubban a kasko, ya zauna a bakin ƙofa. Daga baya ya ce mata idonsa ya mutu, ya kuma ce ta yafe masa ɓoyon da ya yi mata. Ya zaci za ta yi salati. Sai ta tura masa kwanon shinkafa da kifi daidai inda hannunsa ke sauka, kamar yadda ta saba, ta ce Ganim ɗansu ya daɗe da yin magana da likita a Salala, jira kawai ake ya buɗe baki.

Ya tambaye ta su wa da wa suka sani.

"Abu Ganim," in ji ta, "hanyar nan da kake bi zuwa masallaci, da can ba duwatsu ne a cikinta ba?"

Ya tuna shekara biyu ke nan bai yi tuntuɓe a hanyar ba, har ya taɓa yaba wa kansa cewa ƙafarsa ta haddace ta.

"Wa ya kwashe?"

"Kowa da ɗaiɗai. Ci abincinka kafin ya huce."