Kumburin Ƙanen Shef

A shekarar da gari ya rabu biyu, ina unguwar Sabangali, ina sayar da tuwo da soyayyen kifi a ƙofar gida. Mijina ya riga ya rasu. 'Ya'yana mata suna gidajen mazajensu, kuma mazajen sun tsallaka kogi da su zuwa Kusuri tun farkon harbi. Ni na zauna saboda Inna, mahaifiyata. Idonta ya tafi, ƙafafunta ba sa kai ta nesa da bakin ɗaki. Ta ce iyayenta sun taso daga ƙasar Hausa za su Makka, a nan guzuri ya ƙare, a nan aka binne su, ita kuma ba ta ƙara motsawa. Ban yi gardama ba.

Sai masu bindiga suka shigo unguwa. Kombata ake ce musu. Suka kama gidan maƙwabcinmu, wani ɗan kasuwa da ya gudu, suka fasa katangar da ke tsakaninmu don su riƙa wucewa ba sai sun fita titi ba. Babbansu dogo ne siriri, rawani ya rufe masa baki. Shef suke kiransa. Ya leƙa tukwanena, ya ce daga yau ni zan dafa musu. Ba tambayata ya yi ba. Su ke kawo gero da nama. Ban taɓa tambaya daga ina ba.

A cikinsu akwai ƙanen Shef, uwa ɗaya uba ɗaya. Saurayi ne, gemu bai gama fito masa ba. Shi kaɗai ke gaishe da Inna. Da Larabci muke magana da su duka, shi kuwa ya koyi "sannu" da "na ƙoshi", yana maimaita su ko ba wurinsu ba. Yakan ce barkonon miyata ya fi harsashi kisa. Wani tsinin ƙarfe ya yanke shi a sha-raɓa, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da yawo. Ƙafar ta kumbura, ta fara ruwa, ta fara wari. Zazzaɓi ya kwantar da shi. Suka shimfiɗa masa tabarma a inuwar darbejiyar gidanmu, don ɓangarenmu ya fi sanyi.

Wata safiya suka dawo da kwali cike da magani. Wani farmasi, kantin magani, suka fasa. A ciki akwai kafso da yawa, kai baƙi, gindi ja. Babu mai karanta Faransanci a cikinsu. Ɗaya ya ce ya san shi, na ciwo ne mai ruɓa, mai ƙarfi ne. Daga nan suka riƙa haɗiyarsa kamar gyaɗa. Mai ciwon kai ya sha ɗaya, mai gudawa ya sha ɗaya, wani ya fasa ya barbaɗa a ƙurjinsa.

Bayan azahar na sauke tuwo. Kowa ya ci. Shef da kansa ya tallafo ƙanensa, ya ba shi loma kaɗan, ya sa masa kafso a baki, ya bi da ruwa.

Ina wanke tukunya na ji saurayin yana cewa jikinsa na ƙaiƙayi. Ya soma susa, wuya, hammata, ciki. Aka ɗaga rigarsa. Jikin ya fito da taswira-taswira, ja, masu tudu, kamar an zane shi da bulala. Kafin na ɗauraye tukunyar leɓɓansa sun yi nauyi. Fatar idonsa ta cika.

Shef ya tsaya a kansa yana kallo. Sannan ya juyo ya dube ni.

Ban gudu ba. Babu inda zan je. Biyu suka kamo ni suka durƙusar da ni a gaban akushi. Shef ya ce me na zuba. Na ce gero da kuka da gishiri. Ya ce in cinye ragowar da ƙanensa ya bari. Na cinye, na lashe hannu. Ya sa na sha ruwan da ya rage a moɗa. Na shanye. Suka zuba mini ido suna jiran in faɗi. Inna na ciki tana tambaya me ake ciki. Shef ya sa aka fito da ita aka zaunar a ƙasa kusa da ni. Ya sauke bindigarsa daga kafaɗa ya ɗora a gwiwa, bakinta wajenmu.

"In ya mutu, ku biyu za ku riga shi shiga rami," ya ce.

A hankali ya faɗa. Na san zai aikata. Na ga abin da suka yi wa wani a bakin kwalbati kan abin da bai kai wannan ba.

Inna ba ta ganin bindigar, amma ta ji maganar. Ta laluba ta kama zanina. Na riƙa kallon ƙirjin saurayin. Yana hawa, yana sauka. A nan ranmu yake.

Sai wanda ya ce ya san maganin ya kawo shawara. Wai a ƙara masa kafso biyu, mai ƙarfi ne, zai kori gubar. Shef ya miƙa hannu cikin kwali.

Na ce kada ya ba shi.

Wani ya buge ni a ƙeya da gindin bindiga. Na ga wuta. Na ɗago na sake faɗa. Na ce tuwo kowa ya ci, har ni. Ruwa kowa ya sha. Abin da ya shiga cikin wannan saurayi bai shiga nawa ba, kafson nan ne.

Suka ce su ma sun sha, ga su tsaye. Na ce jini ba ɗaya ba ne. Ina da ƙanwa da aka taɓa yi wa allura a asibitin unguwa, ta kumbura haka, har harshe. Da ƙyar aka ƙwato ta. Wasu an yi musu irin allurar a ranar, sun koma gida lafiya. Iyakar sanina ke nan, kuma ban tabbata abu ɗaya ba ne. Na dai san in ya ƙara sha ya mutu, mu za a kashe.

Shef ya riƙe kafson a tafin hannu. Bai ba shi ba, bai mayar ba. Numfashin saurayin ya fara fita da ƙara, siririya, kamar iska a tsagar ƙofa.

Akwai wani tsohon ma'aikacin asibiti da na sani, anfirmiye muke ce masa. Mutumin kudu ne. A lokacin mutumin kudu ba ya fitowa a unguwarmu in yana son ransa. Wani Alhaji mai sayar da goro ya ɓoye shi a ɗakin ajiya, ni nake aika masa da kunu. Na ce wa Shef na san mai magani, zan kawo shi, amma ni kaɗai zan je. Ya ce a'a, da rakiya. Na ce in ya ga bindiga zai tsallake katanga, mu yi asara duka. Ya dubi ƙanensa. Ya ce in tafi, tsohuwa tana nan.

Na ɓamɓare yatsun Inna daga zanina. Ta ce, "Ke 'yar nan, ina za ki bar ni?" Na ce yanzu zan dawo.

Ba nisa, amma sai an tsallaka babban titi, kuma daga wani bene ana harbin duk abin da ya motsa. Na cire takalmi. Na sunkuya na ruga. Na ji ƙasa ta tashi kusa da ƙafata. Akwai gawar jaki a tsakiyar titin da ta daɗe a wurin, na bi ta bayanta. Na faɗa lungu, na buga ƙofar Alhaji da duka hannuwana.

Tsohon yana zaune a kan buhu, da tabarau ɗaure da zare. Na gaya masa komai a tsaye. Ban ɓoye masa ko su wane ne ba. Alhaji ya ce kada ya fita, ba zai dawo ba. Tsohon ya tambaye ni ko saurayin na iya magana, ko muryarsa ta canza, ko an ƙara masa maganin. Na ce da na fito ba a ƙara ba. Ya jawo wata tsohuwar jaka daga bayan buhuna, ya duba ciki, ya ɗaga wata 'yar kwalba wajen haske. Ya ce Alhaji ya ara masa hula da babbar riga.

Muka tsallaka tare. Shi ba ya iya gudu. Na ja shi da hannu kamar akuya.

Da muka shiga, Inna na inda na bar ta, bindiga na inda take. Saurayin ya canza. Idanunsa sun rufe ruf, leɓɓansa sun yi toka-toka, yana jan iska da kafaɗu. Tsohon bai gaishe da kowa ba. Ya durƙusa, ya fasa kan 'yar kwalbar, ya zuƙe a sirinji, ya soka masa a cinya ta cikin wando. Wani ya ɗaga bindiga. Shef ya daka masa tsawa.

Muka jira. Ana harbi can wajen kasuwa. Na ji Inna tana salati ƙasa-ƙasa. Ni ban iya ba. Ƙirjin kawai nake kallo.

Ƙarar ta ragu. Ya ja iska mai tsawo, ya yi tari, ya sake ja. Tokar bakinsa ta fara washewa.

Sai tsohon ya ce a ba shi kwalin. Ya kai takardar kusa da tabarau ya karanta. Ya ce magani biyu ne aka haɗa a kafso ɗaya, kuma dukansu dangin fanisilin ne. Ya tambayi Shef ko an taɓa yi wa ƙanensa allura ya kumbura.

Shef ya gyaɗa kai. Ya ce an taɓa, yana ƙarami, a garinsu. Likita ya gaya wa uwarsu kada a sake yi masa allurar fanisilin. Shi da kansa yake hana a yi masa allura duk inda suka je.

"Amma wannan ba allura ba ce, shayib," ya ce. Haka suke kiran tsoho.

"Ɗana, ta allura ko ta baki, abu ɗaya ne ke shiga jini," in ji tsohon. "Sunan da ke kan kwali daban, abin da ke ciki shi ne. Da ka ƙara masa, da yanzu ana haƙa rami."

Shef ya buɗe tafinsa. Kafson biyu suna nan, sun jiƙe da gumi, sun manne. Ya goge su a ƙasa.

Tsohon ya juya ga sauran. Ba ya tsoro in yana maganar aikinsa. Ya ce maganin kirki ne, yana kashe ƙwayar cutar da ke ruɓar da ciwo, amma ba na ciwon kai ba ne, ba a barbaɗa shi, ba a shan ɗaya a bari. Wanda likita ya ba, kuma jininsa ya karɓa, zai sha a kan lokaci har ya ƙare, ko ya ji sauƙi. Kafin a ba kowa, a tambaye shi ko ya taɓa kumbura. Wanda ya ga ƙaiƙayi ko kumburi ya tsaya nan take ya nemi asibiti. Wanda ya kawo shawarar ƙarin ya ce shi dai ya sha, ya ji daidai. Tsohon ya ce kansa ne ke ciwo, kuma da alama bai warke ba. Wani ya yi dariya ya haɗiye ta.

Tsohon ya sa na tafasa ruwa da gishiri, ya wanke ƙafar. Warin ya cika gidan. Ya ce wa Shef ciwon ya ci ciki, yana son wani magani na dangi daban, kuma sai an kai shi asibiti yanzu, ba gobe ba. Shef ya aika a kawo mota. Ya rataya bindigarsa a kafaɗa. Bai dube ni ba. Ya ce tsohon zai bi su.

Tsohon na wanke hannu, ina zuba masa ruwa. Ya sunkuyar da kai ya yi mini magana da Hausa, don kada su ji.

"Kumburin nan yakan dawo. Allurar ita ke nan, ba ni da wata. Kada su dawo su same ku."

Suka ɗauki saurayin a tabarmarsa. Ido ɗaya ya ɗan buɗe. Suka sa tsohon a bayan motar, da hular Alhaji a kansa, jakarsa a cinya. Motar ta tashi.

Biyu aka bari gadi. Na hura wuta, na ɗora tukunyar tuwon dare, na zuba ruwa, yadda za su ga ina aiki. Da suka koma ɓangarensu shan shayi, na shiga ɗaki. Na ce wa Inna za mu tafi. Ta buɗe baki za ta yi maganar iyayenta. Na ce yau ba shawara nake yi ba. Na durƙusa, na goya ta da zani, na ɗaure tam. Ba ta da nauyi.

Muka fita ta ƙofar baya, muka bi lungu zuwa bakin kogi. Akwai mai kwalekwale yana shirin turawa, cike da mutane da tabarmi. Ya ce babu wuri. Na shiga ruwa har ƙugu da Inna a bayana, na kama gefen jirgin, na ƙi saki. Wata mata ta matsa.

Ban san ko saurayin ya rayu ba. Ban sake ganin tsohon ba, kuma na tambaya a Kusuri, na tambaya bayan mun dawo. A tsakiyar kogi Inna ta ce in sassauta zanin, yana cin ta a haƙarƙari. Na sassauta.