Zangarniyar Malam Ummaru

Ina zaune a ofishin En'e na Tambuwal, wani direban lori da ya taso daga Kebbe ya leƙo ya ce mini an yi jana'izar Malam Ummaru jiya da la'asar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye alƙalami, ban sake ɗaukarsa ba har aka tashi.

Shi ya koya mana Turanci a elemantare, tun ana shirin karɓar mulkin kai. Ranar da muka iso kan kalmar heritage, littafi ya haɗa ta da ƙasa, da al'ada, da gidajen sarakunan Ingila. Muka yi ta maimaitawa, ba wanda ya gane komai. Washegari Malam ya shigo aji da zangarniyar gero, ya ce irin kakansa ne na Fakku, mai nuna da wuri ko damina ta gaza.

"Ga ta nan," in ji shi. "Abin da anka ba ka, kai ma ka miƙa ma wani."

Duk wanda ya gama makaranta sai ya ba shi zangarniya guda, ya ce a rataye ta inda hayaƙi ke bugu, a shuka da ruwan fari. Tawa na cusa ta cikin akwati da takardun shaida, don na zama akawu, ina ganin na fi ƙarfin fartanya. Ƙwari suka cinye ta. Duk sanda muka haɗu a kasuwa yakan tambaye ni, "Garba, ka shibka?" Ni kuwa in ce na shuka. Sai ya yi murmushi, ya ce Allah ya ba da damina.

Da na je ta'aziyya, matarsa Inna Hajo ta shiga madafa ta fito da zangarniya da hayaƙi ya baƙanta. Ta ce bara gobara ta cinye rumbunsa, wannan kaɗai ta tsira, ya hana a taɓa ta.

"Cewa yay yi a aje ma Garba. Ya san ba ka shibka ba."

Na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba. Kunyar da ta kamata in ji, lokacinta ya wuce.

Allah ya jiƙan Malam, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba Inna Hajo da 'ya'yansa haƙuri. Ni kuma na share gonar mahaifina a Jabo. Allah ya nuna mini ruwan fari, kada irin nan ya ƙare a hannuna.