Ramboshi a faranti na huɗu

Ni a aji uku na ƙaramar sakandare na ajiye biro. Ba korata aka yi ba, zaman benci ne ban iya ba. Na yi cajin waya, na yi acaɓa, na bi motar Machina wata biyu, daga ƙarshe na tsaya ina ɗauko ɗanyen kifi daga Nguru ina kawowa Gashuwa a bayan mashin. Ƙanwata ce mai karatu a gidanmu. Lokacin tana shekarar ƙarshe a jami'a, fannin kiwon kifi.

Akwai wani ma'aikacin sashensu da ya san ni a kasuwa. Ran nan ya ba ni 'yar takarda, wai kifi kala shida ake so na jarrabawa, za a jera a faranti, ɗalibi ya duba ya rubuta sunan kowanne. Na je bakin ruwa na samu biyar. Tarwaɗa ce ta ƙare, sai wani ramboshi matsakaici. Na ce a raina ai 'yan boko ne, duk kifi mai gashin baki tarwaɗa ne a wurinsu. Na jefa shi a baho, ban gaya wa kowa ba.

Da sakamako ya fito, ƙanwata ta dawo gida ido jajir. Maki kaɗan ya hana ta tsallakewa, sai ta maimaita kwas ɗin, 'yan ajinsu su gama su bar ta.

"Yaya, wallahi ramboshi ne a faranti na huɗu," ta ce. "Na rubuta sunansa na littafi, aka soke. Wai tarwaɗa ce."

Yarinyar da ta tashi tana taya innarmu bandar kifi, wa zai koya mata ramboshi? Na gaya mata abin da na yi. Ta daɗe tana kallona.

"Kai ne ashe? To don Allah kar ka je makarantarmu, kar ka ƙara ja min."

Washegari na je.

Malamin kwas ɗin dakta ne, mutum mai sanyin magana. Ya saurare ni, sannan ya jawo wata takarda.

"Samari, ba da ka muke ba da maki ba. Ka ga nan? Mun rubuta abin da ya kamata ɗalibi ya iya in ya gama kwas ɗin, da shi muke auna kowa."

"Karanta min na kifin, ranka ya daɗe. Turancina bai kai nan ba."

Ya fassara min: ɗalibi ya iya bambance kifayen yankin nan da ido.

"Madalla. Kifin yana nan?"

Yana nan, sun sa shi a kwalba cikin ruwan magani. Ma'aikacin ya kawo yana hararata. Na ɗora yatsa a jikin kwalbar.

"Tarwaɗa fiffiken bayanta guda ne, tun daga wuya har wutsiya. Wannan fa? Ga shi ya rabu biyu, na bayan nama ne zalla, ba ƙaya."

Dakta ya cire tabarau ya matso. Ya fi ni sanin abin a littafi, kwalbar ce kawai bai taɓa dubawa ba, takardar oda ya bi ya rubuta amsa.

"Amma duk ajin tarwaɗa suka rubuta," in ji ma'aikacin.

"To duk ajin ba su kalli kifin ba, malam. Bara ma tarwaɗa ce a wurin, sun ji a bakin na gaba da su. Mutum ɗaya ce ta yi abin da takardarku ta ce, ita kuka kayar."

"Ka san dai kai ka jawo wannan?" in ji dakta.

"Ni ne. Na raina ku, na saka abin da ba a ce ba. Ku daina karɓar kifina in kun ga dama. Amma ita idonta ta yi amfani da shi, ba ni na raɗa mata ba."

Ya ce in tafi, zai kai maganar gaba. Ban yi godiya ba, don ba alfarma na zo nema ba.

Kifina kam sun daina karɓa. Aka sake wa ajin jarrabawar faranti gaba ɗaya, da kifin da wani ya kawo, aka kuma sauya jerin. 'Yan ajinsu suka yi mako biyu ba sa amsa gaisuwar ƙanwata, ita kuma ta huce a kaina, ko abinci ta zuba min sai ta dangwarar da kwanon. A sabuwar jarrabawar, duka faranti shidan ta ci. Ranar da aka liƙa sunayen masu gamawa ta kira ni ina hanyar Nguru, iska ta hana ni ji sosai, sai da na faka a gefen titi.

"Yaya, sunana ya fito."

"To ai dama," na ce.