Ranar da aka share sunan Ghali

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da matar Ghali ta shigo bironmu, wato ofishinmu, a Arlit ba. Lokacin tawaye na biyu ne. Ni ban yi nisa a karatun lakwal ba, da jan wayar kwamfutoci na fara, Ghali ne ya zaunar da ni gaban kwamfuta. Mu uku muke rubuta manhajar da ke tsara fitar kamiyoyi, manyan motocin kaya: ni, shi, da shef, wato shugabanmu.

Ga wanda bai san aikin ba, duk gyaran da mutum ya yi sai ya ajiye shi, na'ura ta rubuta sunansa da rana da lokaci. Wannan jerin shi muke kira tarihi. Akwai kuma abin da ake ce wa ribes, wato a kwashe tarihin a sake jera shi, har ana iya dunƙule gyara da yawa ya zama ɗaya.

An kama Ghali a hanyar Gougaram, wai an gan shi a kan duwatsu tare da 'yan tawaye. Matarsa ta ce mai bincike ya yarda zai duba shaida, in akwai abin da ke nuna yana Arlit a kwanakin. Na ce mata ta zauna ta sha ruwa, mijinta kullum yana ajiye aiki, yanzu zan buga mata a takarda.

Na buɗe tarihin. Layi ɗaya na gani, da sunan shef.

Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa a makon ya ce mu goge kwafinmu mu ɗauko sabo. Na je na same shi. Ko kai bai ɗaga ba, ya ce masu sabuwar mahaƙar Imouraren za su duba aikinmu kafin su ba da kwangila, tarihin ya yi datti, ya tsabtace shi.

Na ce, "Shef, dattin sunan Ghali ne?"

Ya ce in rufe masa ƙofa.

Da na fito, matar ta miƙe tana gyara mayafi, ta miƙo hannu. "Yaya, ina takardar?"

Ghali ya daɗe a tsare. Yau direba ne a Tchibarakaten, ba ya taɓa kwamfuta. Shef kuwa ya samu kwangilarsa.

Ku yaran da ke wannan aikin yanzu kuna son tarihi mai kyan gani. Ku gyara naku reshen, wato ɓangaren da ku kaɗai kuke aiki a kai, yadda kuka ga dama. Amma inda sunan wani yake, ku ɗauke hannunku.